Kwana Tara Sakamakon Adda Yana Cikin Kwamfutata

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da ya sayar wa asibitinmu manhajar karɓar sakamakon gwaji.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ban rubuta sunanka ko na kamfaninka ba, kun san kanku, mu ma da muke amfani da kayanku a nan Mubi mun san ku. Sau biyu ina aiko muku wasiƙa ta ofis, ko alamar ta isa ban gani ba. Shi ya sa na fito da wannan fili.

Sunana Hamidu. Shekara shida ina aikin ajiye bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin garin Mubi, har zuwa watan jiya da aka ce in zauna a gida. Ina da yaya mace, Adda Maimuna, manomiya ce a Mayo Bani, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. An yanke mata ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Rahoton da kamfaninku ya aiko wa likitanmu, shugaban asibitin, ya ce abin da ya faru laifin ma'aikaci ne, ma'aikacin kuwa ni ne. Ina so ku gyara rahoton nan, kuma zan bayyana dalili.

Kada ka ɗauka cikin fushi nake rubutu. Na nemi fushin ma ban same shi ba. Tun da abin ya faru ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa, amma ba na jin komai, kamar hannun da aka kwanta a kansa. Ina ganin gara haka, domin zan iya faɗin abin yadda ya faru ba tare da ƙari ba.

Na ɗaya, yadda muke aiki.

Gwajin da ya fi ƙarfinmu, babban ɗakin gwaji a Yola muke kaiwa. Idan sakamako ya fito sai su turo ta imel, a cikin wani irin fayil da kuke kira XML. Idan mutum ya buɗe shi da kansa ba zai ga komai ba sai sunan marar lafiya da tarin lambobi da alamomi, domin ko sunayen magunguna da lamba ake rubuta su. Manhajarku ce kaɗai take karanta shi ta fitar da takardar da likita zai gane. Tana kwaso fayilolin daga imel zuwa cikinta, ta jera su, ta karanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga shigowa shi ne a gaba.

Asibitinmu yana da rassa biyu, ɗaya a Gella ɗaya a Sahuda. Rifkatu ce take irin aikina a Gella, Malam Bello kuma a Sahuda. Mu ukun muna da wata al'ada da ba ku kuka koya mana ba, rashin wuta ne ya koya mana. Idan fayil ya ƙi buɗuwa a wurin ɗayanmu, ko janareta ya mutu, sai ya tura wa ɗan'uwansa ta waya. Wancan ya buɗe a kwamfutarsa, ya buga, ya ɗauki hoton takardar ya dawo da shi. Shekaru muna yin haka. Wanda kuka turo ya koya mana manhajar ya gan mu muna yi, har ya yi dariya ya ce 'yan Mubi akwai dabara. Bai ce mu daina ba.

Akwai kuma wata doka tawa ni kaɗai. Ba na tsallake layi don dangi. A garin nan kowa ɗan'uwan wani ne, in ka fara ba ka gamawa. An sha zagina a kan haka a gidan biki, ni kuwa ina jin daɗin zagin, ina ganin shi ne shaidar ina aiki da gaskiya.

Na biyu, abin da ya faru ranar Talata.

Farkon damina fartanya ta sari Adda a ƙafa. Tana da ciwon suga, don haka ciwon ya ƙi warkewa. Ta yi ta ɗaure shi da tsumma tana zuwa gona har sai da ya kumbura, sannan na matsa mata ta zo aka kwantar da ita. Likita ya fara ba ta magani, ya kuma ɗebi ruwan ciwon ya aika Yola don a gano maganin da ƙwayar cutar take ji.

Ranar Talata da hantsi fayiloli suka shigo. Na gani a wayata, nata ne na uku. Na farkon yana da suna irin na sakamako, amma adireshin da ya turo shi ban san shi ba. Na lura, ban damu ba, domin mutanen Yola sukan canja adireshi. Manhaja ta ɗauki na farkon. Sai kwamfuta ta tsaya. Fankar cikinta ta kama gudu, allo ya daskare, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi. Na kashe na kunna, manhaja ta koma ta ɗauki wannan fayil ɗin dai, ta sake tsayawa. Na yi haka sau biyar.

Sai na yi abin da muka saba. Na ɗauki waya zan tura wa Rifkatu. Fayil uku ne a gabana, kuma na san wanne ne na Adda. Na tura na farko, saboda shi ne a gaban layi.

Kwamfutar Rifkatu tsohuwa ce, kullum cikin tsokanarta muke. Da tata ta tsaya sai ta ɗauka halin tsufa ne, ba ta ma gaya mini ba, ta tura wa Malam Bello don kada ta ɓata mini lokaci. Bayan azahar ta kira ni. Ta ce, "Hamidu, kwamfuta na ya mutu, na Baba Bello ma ya mutu. Wane irin abu ne ka turo mana?" Dariya take yi lokacin, ni ma na yi.

Ka ga ke nan kafin la'asar kwamfutoci uku da suke iya karanta sakamakon Adda duk sun tsaya. Da nata na fara turawa, da kafin azahar takardar tana hannun likita. Wannan nawa ne, ba na neman wanda zan ɗora wa.

Na uku, abin da kamfaninku ya yi a kwana taran da suka biyo.

A ranar na kira layinku na taimako. Wata baiwar Allah mai daɗin murya ta ce in kashe in kunna. Na ce na yi. Ta ce in sake. Yallaɓai, da kashewa da kunnawa suna magani da tuni mun rufe asibitin mun buɗe shagon makunni.

Laraba aka ce mini matsalar netwok ce. Na ce ga imel yana shigowa lafiya lau a wayata. Aka ce to wutarmu ce ba ta da ƙarfi. Alhamis wani namiji ya ɗauka, ya ce bairos ne muka kwaso a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya kuma ja mini kunne a kan sa waƙoƙi a kwamfutar ofis. Na gaya masa dalla-dalla cewa fayil ɗaya ne ya tsare layi, kuma duk kwamfutar da ya shiga tsayawa take yi. Na ce na goge shi daga imel amma manhaja ta riga ta kwashe shi zuwa cikinta, wurin da ba mu da makullinsa. Na roƙe shi ya ba ni makullin, ko ya gaya mini yadda zan tsallake fayil ɗin. Ya ce dokar kamfani ba ta yarda ba, sai injiniya ya zo. Ya ce injiniya zai zo Litinin.

Ban zauna ba. Na kira ɗakin gwaji na Yola, suka ce ba sa karanta sakamako ta waya, kuma ban ga laifinsu ba. Suka sake turowa sau biyu, duk biyun suka je suka bi layi a bayan wancan. Ranar Juma'a na karɓi wasiƙar likita na shiga mota zuwa Yola don in karɓo a takarda. Hanyar nan ka san ta, ko ka ji labarinta. Na isa bayan an sauko daga masallaci, mai sa hannu ya riga ya tashi, aka ce in dawo Litinin. Na tsaya a bakin ƙofa na yi lissafi. Na ce injiniya zai zo Litinin, to me zai sa in kwana uku a Yola in bar Adda? Na juyo gida. Wannan ma kuskurena ne, na yarda da maganarku.

Asabar likita ya canja mata magani bisa hasashe, tunda kumburin ƙafar bai sauka ba. Litinin injiniya bai zo ba, aka ce yana hanya. Talata aka ce yana hanya.

Duk kwanakin nan fayil ɗinta yana cikin wayata. Nakan zauna a benci gaban ɗakin da take kwance in buɗe shi. Ga sunanta, ga shekarunta, sai lambobi. Na nuna wa likita, ya duba ya girgiza kai. Na san amsar tana nan a tafin hannuna, ba ni da idon karanta ta ne kawai. Adda takan hango ni ta taga ta ce, "Kai dai da wayar nan, Hamidu. Ka shigo ka ci abinci."

Na huɗu, abin da injiniyanku ya gaya mini.

Ya iso Laraba da safe, kwana na tara. Dattijo ne mai haƙuri, ya gaji da tafiya. Na kawo masa shayi. Kafin shayin ya huce ya shiga da makullinsa ya cire fayil ɗin, manhaja ta tashi, firinta ta fara zubo takardu. Ya kira Gella da Sahuda ya karanta musu abin da za su danna, su ma suka tashi. Wato abin da aka ce sai an zo, ta waya ma yana yiwuwa.

Na tambaye shi wane irin bairos ne. Ya ce ba bairos ba ne. Ya juya bayan katin marar lafiya ya zana mini. Ya ce fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, rubutunsa bai cika shafi ba. A irin wannan fayil an yarda mutum ya ƙirƙiri gajeriyar kalma ya ce duk inda aka gan ta a maye gurbinta da wani rubutu. To wanda ya haɗa wannan sai ya rubuta kalma ta farko, ya ce ta biyu tana nufin ta farko sau goma, ta uku tana nufin ta biyu sau goma, haka ya yi ta hawa har kusan hawa goma. Mai karantawa a cikin manhaja sai ya duƙufa yana warwarewa, abin yana ninkuwa, har ya cika ƙwaƙwalwar kwamfutar ya cinye ƙarfinta, ba ta iya yin komai kuma. Bai saci komai ba, bai ɓata komai ba, hana aiki kawai ya yi.

Na gane. Kamar a ba mai awon hatsi takarda ce a ce ya auna mudu goma, kowane mudu kuma ya sake auna goma a kansa, haka har illa masha Allahu. Mai awo mai hankali zai ajiye mudun ya ce wannan ba oda ba ce, wasa ne, na baya ya matso. Manhajarku ba ta da wannan hankalin.

Na ce to wa ya turo, me muka yi masa? Ya ce mai yiwuwa bai ma san akwai wani gari Mubi ba, irin waɗanda suke watsa abu ga adireshi barkatai ne su ga inda zai kama. Sannan ya faɗi abin da ya sa nake rubuta takardar nan. Ya ce wannan dabara tsohuwa ce, masu sana'arku sun daɗe da saninta. Ya ce sashen da yake karanta XML ba ku kuka ƙera shi ba, ɗaukowa kuka yi, kuma waɗanda suka ƙera shi sun daɗe da fitar da gyara, sun sa iyaka ga wannan ninkuwar. Naku tsohon ne, ba a taɓa sabunta shi ba. Ya ce ko a tsohon ma akwai inda ake rufe ƙofar, ba a rufe ba. Da ya faɗa sai ya ninke katin ya sa a aljihu.

Takarda ta biyu da ta fito ita ce ta Adda. Maganin farko ƙwayar ba ta jin sa. Na biyun da likita ya gwada, shi ma haka. Wanda take ji yana nan a kemis ɗin da ke kusa da kasuwa, tafiyar minti goma daga teburina. Likita ya karanta, ya je ya buɗe ƙafar ya duba, ya dawo ya rubuta takardar tura ta babban asibiti. Ranar Juma'a aka yi aikin.

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta taimake ni ba. Na tambayi likita ko da sakamakon ya zo hannunsa Talatar farko da an ceci ƙafar. Ya ce ba zai rantse ba, mai suga ce kuma ta makara da zuwa. Ya ce amma da an gwada. Iyakar abin da nake da shi ke nan, ba na ƙara masa komai.

Na biyar, rahotonku.

Mako biyu bayan haka takardarku ta iso wa likita, da hatimi da sa hannu. Layi huɗu ne kacal a kan dalili. Ta ce ma'aikacin babban reshe ya yaɗa fayil mai cuta zuwa sauran rassa, saɓanin ƙa'idar amfani, kuma ana ba da shawarar a ƙara wa ma'aikata horo. Babu maganar ninkuwa, babu maganar gyaran da ba ku sa ba, babu maganar kwana tara. Na karanta sau uku ina neman kalmar da ta shafe ku, ban samu ba.

Likita ba mugu ba ne. Ya kira ni ya ce yana da takarda a gabansa, marasa lafiya da yawa sun jira sakamako, dole ya nuna ya yi wani abu. Ya ce in ɗan huta a gida. Rifkatu an ba ta takardar gargaɗi, ita da laifinta bai wuce ta so ta taimake ni ba. Malam Bello ya ce daga yau ko fayil ɗin uwarsa ne ba zai karɓa daga wani reshe ba. Al'adar da ta riƙe mu shekaru ta mutu ke nan, kuma wuta ba ta gyaru ba.

Na yarda na tura fayil ɗin. Amma kafin in tura shi ya riga ya tsayar da kwamfutata, kuma ba ni na shigo da shi ba, manhajarku ce ta kwaso shi da kanta daga imel ba tare da ta tambayi wanda ya aiko ba. Rahoton ya fara labarin daga inda hannuna ya shiga, ya bar na gaba da na baya.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ku sake rubuta rahoton, ku faɗi abin da ya tsayar da kwamfutocin da sunansa, ku faɗi tun yaushe gyaran yake akwai, ku faɗi kwana nawa muka yi muna kira. Ku bar nawa laifin a ciki, ban ce ku cire ba. Ku aiko da shi cikin Hausa ma, irin wadda manomi zai gane.

Ku sa gyaran a duk inda manhajarku take, ku kuma sanar da masu amfani da ita. Na tambayi Rifkatu shekaranjiya, ta ce har yanzu ba wanda ya zo ya taɓa komai. Ma'ana in wani ya sake turo irin wannan gobe, haka za a sake yi.

Ku sa manhajar ta riƙa ajiye fayil a gefe idan ya ƙi karantuwa, ta wuce ga na baya. Ku ba wanda yake zaune a gabanta damar yin haka da hannunsa, domin shi ne yake ganin fuskar masu jira.

Ku nemi a janye gargaɗin Rifkatu. Kada kuma ku taɓa injiniyan nan don ya yi mini bayani. A cikinku duka shi kaɗai ya ɗauke ni mutum mai iya fahimta.

Ban roƙi a mayar da ni aiki ba. Ban san ko zan iya sake zama a gaban allon nan ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi mini nauyi. Adda tana gidana yanzu, tana koyon sanda. Gonarta maƙwabta ne suka nome mata. Ba ta san komai a kan wannan ba. Abin da ta sani shi ne sakamako ya makara daga Yola, kuma ƙaninta ya sha hanya har can don ya karɓo mata. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin tafiyar, ta sa mini albarka a gabansa. Ta ɗauka hutu na ɗauka don in yi jinyarta. Jiya ta ce, "Ka koma aikinka hakanan, kada su ba wani." Na ce to.

Ba zan iya ci gaba da karɓar albarkar nan ba. Labari ya fara yawo a Mayo Bani cewa ni na ɓata na'urar asibiti, kuma gara ta ji daga bakina. Na yanke zan gaya mata ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko, ko kun amsa ko ba ku amsa ba. Zan gaya mata takardarta ta iso tun Talatar farko, tana kan teburina, kuma da ita da ta wani da ban sani ba, ta wanin na zaɓa. Wannan na san yadda zan faɗe shi. Abin da ban sani ba shi ne idan ta tambaye ni, to kai kaɗai ne? A yau takarda ɗaya ce a duniya da take amsa wannan tambayar, taku ce, kuma ta ce ni kaɗai ne.

Allah ya ba ka ikon karanta wannan da kanka, ya ba ka lafiya da kai da zuriyarka, ya yi wa sana'arka albarka. Allah ya kiyaye ka da naka daga zaman jiran takardar da ta riga ta iso.

Wassalam.

Hamidu,
Mubi.